Inda Babu Kifi

Ranar da za a tafi hutun damina, malamin darasin fassara ya rubuta wa ɗalibansa kalmomi biyar a allo da harshen mutanen Folan: Na bezrybiu i rak ryba. Ya warware musu su ɗaya bayan ɗaya. Bez na nufin babu, ryba kifi ne, rak kuwa wata halittar ruwa ce dangin ƙaguwa da jatan lande. Idan aka haɗa, maganar tana cewa inda babu kifi, ƙaguwa ma kifi ce. Ya nemi kowa ya kawo kwatankwacinta da Ingilishi, sannan da Hausa, tare da hujjar zaɓinsa. Da wani ya tambayi abin da ya haɗa Bahaushe da Folan, sai malamin ya tuna musu cewa an daɗe ana koyar da Hausa a Jami'ar Warso, inda masana irin su Stanisław Piłaszewicz da Nina Pawlak suka yi rubuce-rubuce a kan harshen da adabinsa. Tunda su sun wahala a kan karin maganar Hausa, ba laifi a rama wa kura aniyarta sau ɗaya.

Cikin ɗaliban akwai wata ƴar Yauri, ta ƙasar Kance a jihar Damagaram. Ita dai ta ɗauki aikin ba a bakin komai ba. Tun a mota, kafin su bar Yamai, ta duba ƙamus a wayarta, ta ga an ba da wata maganar Ingilishi da ke cewa mabarata ba su da zaɓi. Ta rubuta ta a littafinta, ta ja layi a ƙarƙashi, ta ce rabin aiki ya ƙare.

Ta iske Yauri a lokacin da manomi ya fi jin jiki. Gero ya yi kore shar a gonaki amma bai nuna ba, rumbuna kuwa sun yi ƙasa. A gidan gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ke tare rana, tuwo sai dare. Nan ta shimfiɗa tabarma a gindin bedi ta fara jera karin maganar Hausa da ke zancen rashin mafita, sai ta ga ashe ba jinsi ɗaya ba ne.

Akwai na wanda ya rasa abin da yake so ya rungumi wanda ya samu, kamar “da babu gara ba daɗi”. Faransawa ma suna da irinsa, inda suke cewa in an rasa tsuntsu mai daɗin nama sai a ci wanda bai kai shi daɗi ba. Akwai na wanda masifa biyu suka sa a tsakiya, wato “gaba kura, baya siyaki”, abin da mutanen Folan da Faransawa duka suke kira zama tsakanin guduma da maƙera. Akwai kuma na wanda aka miƙa wa abu ɗaya tak aka ce ya zaɓa. Turawan Ingila suna danganta wannan da Thomas Hobson, wani mai ba da hayar dawaki a Kambirij wanda ya rasu a 1631. An ce duk wanda ya zo haya, dokin da ke kusa da ƙofa zai ɗauka, in bai so ba ya tafi a ƙasa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ƙaguwar mutanen Folan, a ganinta, ƴar gidan farko ce.

Tana cikin wannan lissafi gwaggon ta zo ta zauna da ƙwaryar tafasa tana tsincewa.

“Ɗiyata, me kike ta rubutawa tun safe, ko fura ba ki sha ba?”

“Gwaggo, karin maganar wasu Turawa ce aka ce mu juya.”

Ta faɗa mata ta kifi da ƙaguwa. Gwaggon ta yi dariya har ta ajiye ƙwaryar, ta ce lalle waɗannan mutane sun san yunwa. Daga nan ta tambayi yadda ɗaya Turancin ya faɗe ta. Ɗalibar ta duba layin da ta ja, ta juya shi kai tsaye ba tare da tunani ba: “Mai bara ba ya zaɓe.”

Sai da maganar ta fita ta tuna da wadda take gaya wa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kance ya san hanyar Aljeriya. Shekaru da dama mata suna ɗaukar ƙananan yara su bi ta Agadas da Arlit zuwa Tamanrasat da biranen da ke gaba, wasu aikatau, da yawa bara. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, kuma galibinsu daga wannan yanki suka fito. Gwaggon ta bi wannan hanya sau ɗaya, a shekarar da gonarsu ba ta ba da abin kirki ba, ta dawo cikin ayarin waɗanda aka maido gida. A gidan ba a tada zancen.

Gwaggon ta ci gaba da tsintar ganye, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ɗago kai.

“Wanda ya yi wannan magana bai taɓa miƙa hannu ba. Wa ya ce ban zaɓa ba? Kwana bakwai na yi ina zaɓe. Ko a sayar da gona, ko a cire ki daga lakwal a yi miki aure, ko in tafi. Na sayar da akuyata biyu na tafi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.”

Ɗalibar ba ta taɓa sanin cewa karatunta na cikin abubuwan da aka ɗora a sikeli a waɗannan kwanaki bakwai ba. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, gwaggon ta ɗaga mata hannu, ta ce ta je ta sha furarta kafin ta yi tsami.

Da dare ta koma kan littafin da fitilar waya. A aji an karanta musu hanyoyin da Mona Baker ta zayyana a littafinta na 1992 don fassara irin waɗannan maganganu: a nemo mai ma'ana ɗaya da siffa ɗaya, ko mai ma'ana ɗaya da siffa dabam, ko a warware da bayani, ko a tsallake. Ita ta ɗauka ta bi hanya ta biyu. Yanzu ta ga ma'anar ma ba ɗaya ba ce. Maganar Folan mai rashin ne da kansa yake faɗar ta, yana yi wa halinsa dariya. Ba ta ambaci mutum ba sam, kifi da ƙaguwa kawai ta kira, ta ƙara wa ƙaguwa girma. Ta Ingilishin kuwa sau da yawa mai bayarwa ne ke jefa wa mai karɓa, ta laƙaba masa suna, sannan ta hana shi magana. Ƙamus ya jera su a layi ɗaya domin yanayin da ake faɗar su ya yi kama, bai kula da bakin da kowacce take fitowa ba.

Ta soke layin. A madadinsa ta sa wata maganar Ingilishi da ke cewa rabin burodi ya fi babu, ta rubuta a gefe cewa wannan ta rasa barkwancin asali, amma ba ta ci mutuncin kowa ba.

Saura Hausa. “Da babu gara ba daɗi” ta dace da ma'ana, sai dai ba ta da wasan da ke cikin ta Folan, inda kalmar kifi ta zo sau biyu, farko a cikin sunan rashi, sannan a matsayin rawanin da aka naɗa wa ƙaguwa. Tana juya wannan a ranta sai ta ji gwaggon a ɗaki tana lallashin jikanta, maganar kuwa ta faɗo mata: rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Uwa sau biyu, ta farko an rasa ta, ta biyu an ara wa wata sunanta. Ginin ya zo daidai, kamar an auna.

Ta rubuta, amma hannunta ya tsaya. Ita ce fa marar uwar, kuma matar da ke cikin ɗakin nan ita aka ara wa sunan. In ta bi karin maganar, gwaggonta ƙaguwa ce ke nan da aka kira kifi don babu yadda za a yi. Ta san ba haka ba ne. Duk da haka ta bar fassarar, domin ita ce daidai, ta ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshen aikin. A ciki ta ce tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, aikin juya maganar mutane daga wani harshe zuwa wani zai ƙaru a kotu da asibiti da ofis, kuma da yawa daga masu maganar irin gwaggonta ne, ba za su iya duba abin da aka rubuta da sunansu ba. Don haka kafin tafinta ya sa wa mutum karin magana a baki, ya tambayi kansa ko mutumin zai yarda ya faɗe ta.

Da safe ta karanta wa gwaggon fassarar Hausar, tana satar kallon fuskarta. Gwaggon ta yi murmushi, ta ce wannan kam magana ce, ta ji ta tun tana yarinya. Sannan ta miƙa mata ƙwarya, ta ce uwar ɗaki ta ce a je bayan gari a ɗebo tafasa tun rana ba ta yi zafi ba.