Ranar da na kai wa maƙerin fari yumɓun azurfa

A ƙasar Hausa maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu hauya da gatari da lauje, akwai kuma maƙeran fari, masu azurfa da tagulla da zinariya. A nan Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari har Tibiri, na farkon suna nan daram, domin muddin ana noman hatsi ba a rabuwa da su. Na biyun ne ke ƙarewa. Ranar Juma'a ka zaga kasuwar Dutsi ka ƙirga teburan da ke sayar da sarƙa da ƴan kunne na kanti masu ruwan zinariya, sannan ka ƙirga masu ƙera zobe da hannunsu, za ka gane abin da nake nufi.

Shekara biyu ke nan ina zuwa maƙerar wani dattijo a unguwarmu duk Asabar da Lahadi. Mutane sun yi ta magana: me ya kai mushe, mai albashi, zama a gindin zuga-zugi, alhali ƙira gado ce? Amsar a ajina take. Duk shekara ina ganin yaran da ba su ci jarabawar birbe ba, sai acaba ko tafiya Najeriya cirani. Ban ga ta yadda zan ce musu su koyi sana'ar hannu ba, ni kuwa ban taɓa riƙe komai ba sai alli.

A wajen Baba na koyi aikin zubi. Ana siffanta abin da ake so da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, a bari ya bushe, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkar azurfa a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun, a bi da magagari. Da irin wannan dabara ce maƙeran Buzaye ke yin shahararren adon wuyan nan na Agadas. Azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962, amma Baba ba shi da ma'auni sai launin wuta da idonsa. Kakanninsu kuwa tsohuwar dalar Mariya Taresa suke narkawa, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta.

Bara wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Faransa ya aiko mini da ƙunshi mai giram 20 na abin da zan kira yumɓun azurfa. Kamfanin Mitsubishi na Japan ne ya fara fito da shi wajen 1990, daga baya wani kamfanin Japan ɗin, Aida, ya fito da nasa mai suna Art Clay. Garin azurfa ne mai laushi ƙwarai, aka haɗa da ruwa da wani danƙo. Ana murza shi da yatsa kamar kwaɓin fulawa, a busar, a ƙona da wutar gas. Danƙon ya ƙone, ƙwayoyin azurfar su manne da juna ba tare da sun narke ba, abin ya ɗan tsuke, a samu azurfa kashi 999 cikin 1000.

Na kai maƙera. Da hunturu ne, iska busasshiya, yumɓun na tsagewa a hannu in ba a yi ta shafa masa ruwa ba. Na danna ganyen magarya a kansa, jijiyoyin ganyen suka fito ɗaya bayan ɗaya. Cikin wuni guda na gama abin wuya da in da kaki ne sai na kwana uku. Baba ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Mushe, zanen ya yi kyau, wannan ganye ni ba zan iya fitar da shi haka ba." Sai ya ɗan matsa gefensa da awartaki, ya lanƙwashe. Azurfa zalla laushi gare ta, shi ya sa ake sirka ta da jan ƙarfe, kashi 75 cikin 1000, kafin a yi munduwar da mace za ta yi daka da ita a hannu.

Tambayarsa ta biyu ce ta fi tsaya mini a rai: "In mace ta kawo maka karyayyar munduwar uwarta, za ka iya mai da ita wannan yumɓun?" Ba zan iya ba. Sai an sayo shi daga waje, kuma ya fi azurfar da ke cikinsa tsada. Rabin aikin Baba kuwa narke tsoho ne a fitar da sabo. Azurfar matanmu asusu ce. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san gidajen da munduwa da zobe suka sayo wa tiyar hatsi. Maƙerin da ya iya gane azurfa daga farin ƙarfe shi ne ke hana a cuci mai sayarwa a irin wannan rana.

Duk da haka ban yar da abin da na gani ba. Yumɓun ya nuna mini cewa yaro zai iya fara koyon siffa da zane kafin ya kusanci wuta. Yanzu ina da ɗalibai huɗu, biyu mata ne, da ke zuwa gidana muna siffanta ƴan kunne da kakin zuma da yumɓun bakin tafki, wanda ya ƙware in kai shi wajen Baba. Da farko ya ƙi, ya ce ba ƴaƴan maƙera ba ne. Nasa ƴaƴan kuwa ɗaya na Yamai, ɗaya na Legas, babu mai niyyar dawowa. Watan jiya ya bar ɗaya daga cikin yaran ya riƙe masa zuga-zugi.

Roƙona ga masu kula da cibiyoyin koyon sana'a na gundumominmu, inda ake koyar da ɗinki da walda da kafinta: su nemi ragowar maƙeran fari tun suna da ƙarfin zama, a biya su su koyar. Kayan aikin ba su da tsada, gawayi ne da kaki da yumɓu da magagari. Su kuwa dattijan da suka san aikin, a Dutsi ba su fi a ƙirga da yatsu ba.