Tsohon Ma'aikaci da Injin Faifansa

A wata unguwa ta Damagaram akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin yana riƙe da lissafin kuɗin gwamnati kafin ya aje aiki. Maƙwabta sun san shi da abu biyu: ba ya cin bashi, kuma ba a taɓa masa injin faifai. Injin nan na CD, ƙirar Marantz, ya sayo shi a 1993 da ya tafi horo Faransa, da ɗan abin da ya tsimi cikin guzurinsa. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa, kayan Turai suka ninka kuɗi. Shi dai ya tsallake rijiya da baya.

Kowace Lahadi bayan la'asar yakan yaye ƙyallen da ya lulluɓe injin, ya share faifan Franco ko na Ali Farka Ture, ya sa, ya zauna. Ba mai magana sai faifai ya ƙare.

Bara injin ya soma tsallake waƙa. Mai gyara ya ce ƙurar hunturu da tsufa sun raunana idon da ke karanta faifan, sabo kuwa ba shi a kasuwa. Sai ɗansa, mai sayar da salula, ya zo da kwamfuta ya ce: "Baba, a bar ni in kwafe faifan nan tun da sauran dama." Dattijo ya girgiza kai ya ce: "Na ji irin kiɗan da ke fitowa daga kayanku. Romo ne ba nama."

To, wa ke da gaskiya? Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, lambobi ne kawai a cikinsa. Ana auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, a rubuta kowane awo da lamba. In kwamfuta ta kwafe lambobin daidai, ba abin da ya ragu. Ɗan kasuwa ya san haka: in an juya littafin bashi cikin sabon littafi ba a sauya ko dala ba, bashi yana nan yadda yake.

Amma kunnen dattijo bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya saba ji a salula MP3 ne, tsarin da ke zubar da wani sashe na sauti don waƙa ta rage nauyi. A awon 128 da aka fi yayi, kusan kashi 1 cikin 11 na lambobin ake bari. Sannan ƴar na'urar da ke maida lambobi sauti a cikin kwamfuta sau da yawa mai arha ce, tana kwasar gurnanin lantarki. Tsadar babban injin CD kuwa, galibi a wannan na'ura take, da wutar da ke ciyar da ita.

Duka biyu suna da magani. Tun 2001 akwai tsarin FLAC, wanda ke rage nauyin waƙa kusan rabi ba tare da ya zubar da komi ba. Ana kuma sayar da na'urar maida sauti daban, a haɗa ta da kwamfuta. Shi ya sa a 2009 kamfanin Linn na Birtaniya, gwanin kayan sauti masu tsada, ya sanar da daina ƙera injin CD.

Yaron ya aro irin wannan na'ura, ya haɗa kwamfuta da tsohon injin ga lasifika guda, ya daidaita ƙarfinsu, ya saki labule. Ya riƙa sa waƙa ɗaya nan da can, uban yana canka. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Daga ƙarshe dattijo ya yi shiru, irin shirun mai lissafin da ya iske kuskuren nasa ne.

Murna ta kama yaron, ya shiga tsallaka daga waƙa zuwa waƙa don ya nuna dubban da kwamfuta ke ɗauka. Nan uban ya kama masa hannu. Sai a lokacin ya gane abin da yake tsoron rasawa: zaman nan na awa guda, inda mutum ke bai wa mawaƙi kunnensa har ya gama maganarsa.

Ya yarda a kwafe, bisa sharaɗi uku. A yi kwafi biyu, a aje ɗaya a wani gida, don ma'ajiyar kwamfuta takan mutu ba sallama. Faifan su zauna cikin kabad ɗinsu, ba na sayarwa ba ne. Ran Lahadi kuma, in an sa faifai, ba mai taɓa kwamfuta sai waƙar ƙarshe ta ƙare.

Tsohon injin yana nan inda yake, da ƙyallensa. Har yanzu dattijo da kansa yake share masa ƙura.