Daren da Waifa Ta Tsaya

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na daɗe ina jefa wa ɗalibai wannan karin magana a aji, ban san wata rana a wuyana ƙuƙumin zai faɗa ba, sai a daminar 2023, cikin watan Agusta, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa.

Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano. Tun ruwan farko na waccan shekara na lura waifa ta soma nawa, tana jan jiki kamar jakin da aka yi wa lodi. Bayan kwana biyu ta tsaya cik. Na buɗe akwatin fis, na ga nata ya ƙone, na sayi wani na sa. Bai yi mako ba shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da na uku ya ƙone sai na ce ai kayan yanzu ne ba su da aminci. Na tsinko silin jan ƙarfe daga wata tsohuwar waya, na naɗe shi a gurbin fis ɗin, waifa ta motsa, ni kuwa na shiga yaba wa kaina. Ga shi kimiyya nake koyarwa, kuma da hannuna nake rubuta dokar Ohm a allo kowace shekara.

A daren da nake ba da labari mun taso daga ta'aziyya, uwargida tana gefena, yara biyu suna barci a baya. Bayan mun wuce Giwa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Waifa ta yi shara kamar goma, ta daskare a tsakiyar gilashi. Kafin in ce wani abu sai warin roba mai ƙuna ya cika motar. Uwargida ta ce, "Malam, wani abu na cin wuta!" Na kashe makunnin, na sauke gilashin gefe, na leƙo da kai cikin ruwa ina laluben bakin titi, manyan motoci suna wucewa suna watsa mana ruwa. A nan muka zauna fiye da sa'a guda, babu mai cewa uffan sai salati. Da ruwan ya tsagaita muka lallaɓa gida.

Washegari bakaniken farko ko bonet bai buɗe sosai ba ya ce injin waifar ne ya mutu, sai an sayi wani. Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye abin da ya rage na albashina. Ina cikin jinjina lamarin sai wani saurayi mai gyaran wayar mota ya taso daga rumfar da ke gefe, ya durƙusa ya gaishe ni. Ashe tsohon ɗalibina ne, wanda na sha zaunarwa a bencin baya domin lissafi ba ya shiga kansa. Ya ce, "Malam, a bari in duba kafin a sayi kome."

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: ɗan ƙwan fitila mai bolt 12, da waya biyu a jikinsa. Ya ce wuta tafiya take yi kamar ruwa a lambatu, daga batir zuwa fis, daga fis zuwa makunni, daga nan zuwa injin waifa, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Duk inda ta tsaya, nan matsalar take, saboda haka bin ta ake yi zango-zango, ba a tsallake.

Da ya zo kan fis ya ga silina, sai ya yi shiru. Ya zare shi, ya sa fis na gaskiya, ya maƙala waya ɗaya a jikin mota, ya taɓa ɗayar a kowane gefe na fis ɗin. Ƙwai ya kama. Ya cire soket ɗin da ke shiga injin, ya ce in murɗa makunni. Ƙwai ya sake kamawa a kowane mataki na gudu. Wato makunni lafiya lau. Daga nan ya juya gwajin: waya ɗaya a kan batir wajen alamar tarawa, ɗaya a gangar jikin injin. Nan ma ƙwai ya yi haske, alamar hanyar komawar wuta ba ta yi tsatsa ba.

Na ce, "To, ka ga injin ne ke nan." Ya ce, "Saura gwaji ɗaya, Malam." Ya kwance goron da ya haɗa injin da sandunan da ke kaɗa hannuwan waifa, ya mayar da soket, ya kunna. Injin ya shiga juyi sumul, da aka kashe kuma ya ƙarasa zagayensa ya tsaya a mazauninsa. Sai ya kama sandunan da hannu ya ja, ko motsi ba su yi ba. Ƙurar hunturu ta shekaru ta shiga gindin hannun waifa, ruwa ya biyo baya, tsatsa ta ɗaure shi tamau.

A nan ne karatun da na sani a takarda ya faɗo mini. Injin lantarki idan yana juyi yana haifar da wani ƙarfi da ke tare wutar da ke shigarsa, sai ya ja kaɗan. Idan aka danne shi ya kasa juyi, wannan tariya ta tafi, sai ya ja wuta ninki-ninki. Fis kuwa siririn ƙarfe ne da aka yi domin ya narke a irin wannan hali, ya fanshi sauran wayoyi. Shi ya sa kowane yake da lambarsa da launinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Sau uku fis yana gaya mini akwai ciwo a wani wuri, ni kuwa na toshe masa baki. Yaron ya nuna mini inda robar waya ta narke ta manne da maƙwabciyarta a ƙarƙashin sitiyari. Da na ƙara minti biyu ban kashe ba, ga yara a baya, Allah kaɗai Ya san yadda labarin zai ƙare.

Ya wanke gindin da kananzir, ya goge tsatsar, ya cusa giris, ya yanke wayar da ta ƙone ya sa sabuwa. Abin da na kashe bai kai kuɗin cefanen yini ba. Na miƙa masa ladan aiki ya ƙi karɓa, sai da na haɗa shi da Allah.

Wannan 'yar na'ura da muke rainawa tana da tarihinta. Wata Ba'amurkiya, Mary Anderson, ta yi rajistar ɗaya daga cikin na farko a 1903, wadda direba ke kaɗawa da hannu daga ciki. Mai sharewa tana hutawa kuwa Robert Kearns ne ya ƙirƙiro ta, har ya yi shari'a da kamfanin Ford a kanta ya yi nasara a 1990. Mutane sun ɓata shekaru domin mu ga gabanmu cikin ruwa, ni na kusa rushe aikin da silin waya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bencin baya. Shekara uku yaron nan yana gabana, duk lokacin da ya faɗi jarrabawa sai in ce kansa ne ya mutu, kamar yadda bakaniken farko ya yanke wa injin hukunci. Ban taɓa kwance goro ɗaya na duba abin da ya ɗaure shi ba. Da muka koma makaranta na sayi ƙwan fitila da batir da waya na shiga da su aji, kuma na soma da 'yan bencin baya.

Ku kuma 'yan'uwana masu riƙe alƙalami, idan labari ya cije muku, kada ku yi saurin yaga takarda. Ku bi shi daga tushe, zango-zango, har ku ga inda ya tsaya. Allah Ya ba mu haƙurin dubawa.