Jar Akuya a Birnin Katsina

Ya 'yar'uwata mai karatu, in Allah Ya kai ki birnin Katsina, kada ki tsaya kallon Hasumiyar Gobarau kaɗai. Ki fita da sassafe, ki bi lungu daga Ƙofar Soro ki nufi Ƙofar Guga. Da wuya ki wuce zaure uku ba ki ga akuya tana lasar gindin katanga ba. Galibinsu kuwa na mata ne.

To, ki lura da wadda take ja wur, mai gajeren gashi mai sheƙi. Ita ce ake kira jar akuyar Sakkwato, a hayin iyaka kuma ta Maraɗi. Wata biyar take yi da ciki, ta kan haifi biyu sau da yawa. Amma abin da ya kai sunanta nesa shi ne fatarta, don laushi da ƙarko. Tun zamanin ayari, majema ke jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, raƙuma su ƙetare Sahara da ita. Da yake ta hannun fataken Arewacin Afirka Turawa suke samunta, sai suka sa mata suna fatar Maroko, har suna yi wa littattafai bango da ita. Watau wahala tamu, suna na wani!

Can Biyetnam ma, mutanen H'mong suna kiwon awakinsu na gado a bisa duwatsu, domin kowace ƙasa da irin da ya san ciyawarta.

Ga inda gizo ke saƙa. Akuyar da aka saki tana yawo, kowane bunsuru ne ubanta 'ya'yanta, da haka iri ke gurɓacewa. Kuma akwai annobar nan mai kawo majina da zawo, wadda aka fara ganewa a 1942, tana iya share turke cikin kwanaki kaɗan, alhali kuwa akwai allurar rigakafinta.

Saboda haka in kina da ja, ki nema mata jan bunsuru. Ki ba ta dusa da harawa da 'yar kanwa, ki kai ta a yi mata allura. In biki ya matsa, ki sayar da namiji, ki bar macen. Ke kuma 'yar makaranta, ki riƙa rubuta wa inna ranar haihuwar kowace. Akuya asusun mace ce, ranar wuya ita ke fid da ke kunya.