Ni da Z3 ɗina mun zo rabuwa

Duk laifin James Bond ne. Tun ina yaro na ga Pierce Brosnan a cikin BMW Z3 a fim ɗin GoldenEye na 1995, na ce wallahi sai na hau irinta. Motar ma 'yan mintuna kawai ta fito a fim ɗin, amma ta zauna min a rai. Da na samu hali sai na sayi 'yar Kwatano, kujera biyu, rufin tamfol. In na zuge rufin da yamma a titin Zoo Road, kai ka ce jarumi ne a waƙar fim. Lokacin hunturu kuwa, ƙura har cikin haƙora.

To, yanzu uwargida ta yi nauyi, ta kuma ce ba za ta riƙe jariri a cinya ba. Gaskiyarta.

Zuciyata dai Toyota Supra take so, irin wadda Paul Walker ya tuƙa a The Fast and the Furious na 2001. Amma waccan mai ruwan lemo an yi gwanjonta dala 550,000 a 2021, sauran ma sun yi tsada. Porsche Cayman da Nissan 350Z duk kujera biyu ne, an gudu ba a tsira ba.

Saura Toyota 86. Tana da 'yar kujerar baya, kuma ƙafafun baya ne ke ja, kamar Z3. Makanikena ya gargaɗe ni cewa injinta na Subaru ne, in fara zagawa Ƙofar Ruwa in tambayi kayan gyara tukuna. Ranar Asabar zan je, har da kujerar jaririn a hannu, in gwada ko za ta shiga.