Ko Babu Waraka, Akwai Sauƙi

A zangon karatu na biyu muka yi rashin Baba mai gadi, wanda ya daɗe yana buɗe mana ƙofar makarantar nan. Ciwon daji ne ya kama shi a hanta. Mutuwa rigar kowa ce, wannan mun sani. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne azabar da ya sha kafin ta zo.

Mu malamai muka yi karo-karo muka kai shi asibitin gwamnati. Muka yanki kati, muka sayi safar hannu da sirinji. Likita ya duba, ya ce ciwon ya yi nisa, mu koma gida. Muka roƙi abin da zai rage masa zafi, aka rubuta mana farasitamol. Wata nas ta ce mofin ne maganin irin wannan zafi, amma babu shi a ɗakin magani. Mako uku Baba yana nishi dare da rana, 'yan Zumuntar Mata suna gefensa suna addu'a, har Ubangiji ya kira shi.

Daga baya muka gane wannan wahala ba dole ba ce. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na rage zafin ciwon daji, mofin yana mataki na uku. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin mishan a Nijeriya, ta fara kula da masu ciwon ajali a Uganda. Ana dama garin mofin da ruwa, majiyyaci ya sha a gidansa, da kuɗi kaɗan. A 2004 ƙasar ta ba nas-nas masu horo izinin rubuta shi. Mu kuwa, a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba.

Gaskiya ne, mofin yana bukatar tsaro saboda 'yan shaye-shaye. Amma laifin wani bai kamata ya hana marar lafiya barci ba.

Ɗalibanmu masu burin zama likitoci da nas-nas, ku riƙe wannan: wanda ba zai warke ba, har yanzu majiyyacinku ne. 'Yan'uwa a ikkilisiya, idan mun kai namu asibiti, mu tambayi maganin zafi, kada mu ji kunya.

Ubangiji ya ta'azantar da iyalin Baba. Amin.