Kan Yatsu a Bakin Iyaka

Mu da muka tashi muna buga ƙwallon tsumma a lungunan Damagaram, doka guda muka sani: layi na cikin fili ne, ƙwallo bai fita ba sai ya ƙetare shi baki ɗaya. A wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali hannu ne ke yin mafi yawan aikin, ba haka abin yake ba. Farin layin gefe waje ne. Ɗan wasan da diddigensa ya taka shi, ya fita.

Babban cin wasan, mai maki 6, sunansa tacdawun, wato dangwala ƙwallo a ƙasa. Gado ne daga wasan rugubi, kuma irin kalmomin nan ne da nake nuna wa ɗalibaina, waɗanda ma'anarsu ta yi ƙaura ta bar suna, domin yau ba a dangwala kome. Mai gudu da ƙwallo a hannu, ya ishe shi tsinin ƙwallon ya kai saman layin ci. A kusurwar da layin nan ya haɗu da na gefe akwai ɗan ginshiƙin soso ruwan lemo. In ya yi sufa ya taɓa shi da ƙwallon kafin jikinsa ya sauka waje, ya ci. In kuwa ƙwallon ya suɓuce masa ya bi ta yankin ci ya fita, sai a miƙa shi ga abokan hamayya. Hukuncin nan, a ganina, ya fi laifin nauyi.

Wanda aka jefo wa ƙwallo kuma ƙafafunsa ake dubawa. A gasar jami'o'i ƙafa ɗaya cikin fili ta wadatar. A gasar ƙwararru ta NFL sai biyu, kuma kada ƙwallon ya kuɓuce masa in ya faɗi. Nan ne na fi sha'awar wasan. Ranar 1 ga Fabrairun 2009, a wasan ƙarshe na Super Bowl a birnin Tampa, saura daƙiƙa 35 a tashi, Santonio Holmes na Pittsburgh Steelers ya miƙe a can kusurwa, rabin jikinsa ya riga ya rinjaya waje, ya cafe ƙwallon kan yatsunsa na goge ciyawa. Alƙalai suka sake duban hoton bidiyo, suka tabbatar da cin. Steelers suka doke Arizona Cardinals da 27 da 23.